Ga Kawu Bello Shi Kaɗai

Kai mai jar riga, na ji abin da ka ce, kunnena ƙalau yake. Wai aikin Haruna mai kaset aikin yatsa guda ne, a danna, a sauke, a miƙa wa mai shi. Wai ina ɓata wa mutane lokaci ina buɗe saƙo ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a wake. To tunda kun cika mini rumfa kuna shan inuwa kyauta, ku gyara zama ku ji. Ku da ba ku taɓa riƙe amanar kowa a waya ba sai hoton 'yan ƙwallo.

Ranar da na fara aiki a shagon Usta Jibrin cikin kasuwar Sinja, rikodoji ne jere a kan teburinsa, ni kuwa hannuna har ƙaiƙayi yake yi in taɓa ɗaya. Usta, wato maigidan sana'a kamar yadda Larabawa ke faɗi, ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini biro. Biro kawai. Na share watanni ba abin da nake yi sai rubuta suna da ajami a bayan kaset: daga wane zuwa ga wane, ƙauye kaza, gidan wane. A zamanin nan mutanenmu murya suke aikawa, wa ke da lokacin neman mai karanta masa wasiƙa? Mace za ta zo ta ce tana son magana da maigidanta da ke yankan riɗi can bayan Damazin. Usta ya ce in rubuta suna tukuna, sannan ya sa kaset, ya nuna mata jan maɓalli, ya ja ni mu fita mu tsaya a rana har ta gama. Na taɓa tambayarsa abin da ya sa suna ke riga murya. Ya ce, "In ba ka rubuta ba, gobe dole ka saurara kafin ka san na wane ne. Ni kuma ba a sauraron maganar mutane a shagona."

Kayan aikin kuwa, ko rabinsu ba za ku gane ba in na baza muku su a nan. Batirin mota da muke kaiwa caji a bayan jaki, domin wuta sai ta ga dama take zuwa. Auduga da ɗan turare mai ƙarfi na goge kan rikoda. Reza da jan farcen mata na haɗa zare in ya tsinke, kuma in hannunka ya yi rawa ka yanke wa mutum rabin gaisuwarsa. Wani direban lori ya taɓa kawo mana kaset da ya yini a rana a gaban mota har ya lanƙwashe, saƙon wani ne zuwa ga tsohuwarsa. Usta ya fasa gidan kaset ɗin a hankali, ya zare zaren ya mayar da shi a sabon gida. Na ɗauki biro zan sake rubuta sunan, ya riƙe mini hannu, ya ce in ɓamɓaro tsohuwar takardar in liƙa ta yadda take. "Hannun ɗanta ne, za ta gane shi. Kai wane ne da za ka canza wa mutum sunan da ya sa wa abinsa?" Na yini ina ɓamɓarar takarda da bakin reza.

Masu zuwa ma kala-kala ne. Akwai wani dattijo da kullum sai ya cinye fuska guda ta kaset yana gaisuwa, ya gai da manya, ya gai da yara, ya tambayi awaki, sai ya zo kan maganar da ta kawo shi kaset ya ƙare, ya fito yana zagin rikoda. Akwai mai cewa in rubuta "zuwa ga Hassan" kawai, alhali Hassan ya fi ƙafafun jaki yawa a ƙauyen da yake nufi. Sai ka zauna da shi ka ciro sunan uba, ka ciro laƙabi, yana fushi kana rubutu.

Amma akwai kaset guda da ba a wasa da shi, kaset na rasuwa. In mutuminmu ya rasu a Jidda ko a gonakin Damazin, wanda ke kusa da shi yakan yi magana a kaset, ya rubuta sunan babba a gidan a kai, ya ƙara da cewa shi kaɗai. Irin wanga Usta ba ya ba direba, ba ya ba maƙwabci, da ƙafarsa yake kaiwa. Kun san dai yadda ake faɗin mutuwa a wurinmu, ko shi ma sai na koya muku? Ba a jefa wa uwa labari tana ita kaɗai. Dattawa ne za su je, a riga a tura mata maƙwabta su zauna kusa da ita da sunan hira. A yi sallama, a gaisa, a tambayi gida. Sannan babba ya ce an aiko jikin wane ya yi nauyi. A yi shiru. Ita da kanta za ta fara ganewa, kafin a ce mata sai haƙuri, kuma lokacin akwai hannuwan da za su riƙe ta. Duk wanga tsari a kan ɗan rubutun bayan kaset ya rataya.

Kaset ya mutu a hannuna ina ji ina gani. Na dawo ƙauyenmu nan kusa da Wad Haddad, na sayi tsohuwar kwamfuta da ɗan janareta mai tari, na koma ɗora wa mutane abubuwa a zakira, ɗan katin nan da kuke kira memori. Tsofaffi sunka sayi ƙananan rediyoyin nan masu cin zakira, kowa da tasa a aljihu. Karatun Alƙur'ani, wa'azi, waƙa, duk ina ɗorawa, amma wannan ko jakin da ke kai batir caji zai iya in an nuna masa. Ainihin aikin shi ne saƙonnin Jidda.

Malam Isa tela ne, ɗan ƙauyen nan, ya daɗe a Jidda. Duk Juma'a yaranmu da ke aiki can, masu gadi da masu ɗaukar kaya da direbobi, sukan taru a shagonsa. Kowa ya karɓi wayar Malam Isa ya koma gefe ya yi magana da gidansu. Shi kuma Malam Isa, Allah ya saka masa, ɗan zamanin kaset ne, sai ya bi kowane saƙo ya sa masa suna: ga wance matar wane, ga wane liman, ga wane shi kaɗai. Ya turo mini duka ta manhajar aika saƙo. Ni kuma in hau kan gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan gona, domin nan ne kawai shabaka, wato sabis ɗin waya, ke kamawa a lokacin, in tsaya da waya sama kamar mai roƙon ruwa, in sauke su.

To ga inda aikin yatsa guda ɗin naku yake. Manhajar tana nuna maka sunan kowane saƙo a cikin hira. Amma in ka yi gaggawa ka zaɓe su gaba ɗaya ka tura cikin zakira, sai ta tuɓe musu suna ta liƙa musu nata, haruffan boko da jerin lambobi, duk kama ɗaya. In kana son sunan asali ya biyo saƙo, sai ka buɗe shi shi kaɗai, ka zaɓi ajiyewa da sunansa, ka duba ya zauna, sannan ka wuce na gaba. Rana na dukanka, shabaka na yankewa, batir na ƙarewa. Haka nake yi. Ban taɓa jin abin da wani ya gaya wa matarsa ba, kuma ban taɓa ba wani saƙon wani ba.

Sai muguwar shekarar ta zo. Wasu samari biyu, 'ya'yan wani ɗan kasuwa, sunka buɗe shago a bakin tasha, da sabuwar kwamfuta da dogon ƙarfe a kan rufi mai kamo shabaka, da lasifikar da ke hana mutane sallah cikin natsuwa. Aikinsu ya fi nawa araha, kuma suna cika maka zakira da finafinai kyauta. Ni sai ka jira ni in je tur'a in dawo, su kuwa kana tsaye za a miƙo maka. Mutane sunka watse mini kamar an yi ruwa a kasuwa. Har anka aika wa Malam Isa cewa daga yanzu ya riƙa turawa lambar samarin. Na je da kaina na same su, ba don ciniki ba, na ce su kula da sunaye. Babban ya yi dariya irin taku ɗin nan, ya ce, "Ya ammu, ma'alesh, baba yi haƙuri, ai duk sauti ne. Mukan ɗan ji farkonsa mu san gidan da za shi." Ka ji fa. Suna sauke duka a dunƙule, su goge hirar don wayarsu ta sami wuri, sannan su zauna suna ɗanɗana maganar mutane da kunne kamar masu ɗanɗana miya. Na ce Allah ya kyauta, na koma rumfata ina gyaran rediyo.

Yanzu ku riƙe mutum uku. Akwai Hajo, tsohuwa ce a ƙarshen unguwar gabas, idonta ya yi rauni, da lalube take kunna rediyonta. Akwai ɗanta Adamu, ɗan fari kuma namiji tilo, yana gadi a Jidda. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, "yaron nan" take cewa, kamar yadda iyayenmu ke yi wa ɗan fari. Sai ƙanenta, wanda duk gari ke kira Kawu Bello saboda Adamu, dattijo mai nauyin kunne, bai taɓa mallakar waya ba, ya ce ba ya magana da wanda ba ya gani.

Wata Asabar da hantsi Kawu Bello ya zo rumfar nan ya zauna daidai inda kake zaune, kai mai jar riga. Shi ma zakirarsa can wurin samarin ya kai, amma inuwa nan yake sha, irin halinku. Ya kunna rediyo ya ƙure murya saboda kunnensa, ko ban so ba sai na ji. Muryar Adamu ce, a raunane. Ya fara da cewa a gai da Kawu Bello, a gai da dattawan unguwa, sannan ya ce, "Inna, ina asibiti amma abin da sauƙi, kada ki damu." Ya ci gaba, Inna kaza, Inna kaza, yana neman gafararta.

Kawu Bello ya kashe rediyo ya dube ni. "Haruna, yaron nan ya ruɗe ne? Ni yake ce wa Inna?"

Na ce, "Kawu, ba naka ba ne. Na Hajo ne."

Ai a fili yake. Ɗan da ya sami tarbiyya ba ya kiran sunan uwarsa, kuma ba ya fara gaishe ta kafin ya gai da babba a gida. Samarin sun ji "Kawu Bello" a farkon magana, sunka jefa masa. Na zare zakirar na sa a kwamfuta, ba suna, sai lambobi. In nata ya zo wurinsa, to mene ne ya je wurinta?

Na bar shi a rumfa na hau tur'a da sauri, na kira Malam Isa. Yana ɗauka ya fara yi mini ta'aziyya, yana tambaya ko an riga an je gidan. Na ce wane gida? Ya ce gidan Hajo mana, Adamu ya rasu, an yi masa sutura a can. Saƙon da munka ji, Adamu ya yi shi ne a gadon asibiti kafin jikin ya rikice. Bayan rasuwar, shi Malam Isa ya yi nasa saƙon ga Kawu Bello, da bayanin komai, ciwon da wankan da inda anka binne shi.

Ya ce, "Ai na rubuta a kai, Haruna. Ga Kawu Bello shi kaɗai, kada Hajo ta ji. Ba su karanta ba ne?"

Na ce, "Malam, da me ka fara maganar?"

Ya ce, "Na yi sallama, na ce wanga saƙo a kan Adamu ɗan Hajo ne."

Ban ma yi masa sallama ba na gangaro. Na bi ta bakin tasha na leƙa shagon samarin, na tambaye su ina zakirar Hajo. Ƙaramin yana cin gyaɗa, ya ce maƙwabciyarta ta karɓar mata tun da safe, halas, an gama. Ban tsaya zaginsu ba, ba don ba su cancanta ba. Na dawo rumfa na durƙusa kusa da kunnen Kawu Bello, dole na ɗaga murya, na faɗa masa mutuwar ɗan 'yar'uwarsa a tsakiyar kasuwa kamar mai talla. Shi ma ba haka ya kamata ya ji ba. Ya yi salati, ya miƙe. Munka tare amalanken jaki, munka biya munka ɗauki liman, na aika a gaya wa matan maƙwabta su riga mu. Duk hanya ina addu'a Allah ya sa batirin rediyonta ya mutu, ko ta ce sai ta gama aiki za ta ji. Jakin kuwa tafiya yake kamar an roƙe shi.

Da munka isa, matan na tsaye cirko-cirko a ƙofar gida, ba wadda ta shiga. Munka yi sallama. Tsakar gidan a share yake tas. An fito da tabarmi duk na gidan an shimfiɗa a inuwar bango, an cika randa, an jera kofuna da buta. Hajo na zaune a bakin ɗakinta, ta yafa mayafi, rediyon na kan cinyarta a kashe. Ita kaɗai ta yi duk wannan da lalube. Fuskarta a bushe, ba ɗigon hawaye.

Ta ce, "Bello ne? Na ji takunka. Kun daɗe."

Kawu Bello ya matsa kusa da ita. Ya ce, "Yaya..."

Ta ɗaga hannu. "A'a. Ni ba a gaya mini komai ba. Wani abu ya yi magana a cinyata, ba kowa a gidan, na tambaye shi bai amsa ba. Ga tabarma nan. Ku zauna ku faɗa mini yadda ake faɗa wa mutane."

Munka zauna. Matan sunka shigo sunka kewaye ta. Liman ya yi sallama kamar yanzu munka iso, ta amsa. Ya tambayi gida, ta ce lafiya lau. Ya tambayi jiki, ta ce da godiya. Sannan Kawu Bello ya ce an aiko daga Jidda, jikin yaron nan ya yi nauyi. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe." Anka yi shiru, kowa ya san abin da kowa ya sani. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri." Sai a lokacin ta saki kuka, ta faɗa jikin matan. Na tsufa a sana'ar nan, ban taɓa jin takaici irin na ranar ba, kuma har gobe ban huce ba.

Kada ku tambaye ni abin da ya sami samarin, ba abin da ya same su. Sun ce kuskure ne, sun ce manhaja ce, sun ci gaba da kiɗansu. Wasu gidaje sun dawo wurina, wasu ba su dawo ba, finafinan kyauta sun fi musu.

Bayan an share makoki na sa Malam Isa ya sake turo mini saƙon Adamu. Na hau tur'a na sauke shi shi kaɗai da sunansa, na sa a sabuwar zakira, na kai mata da ƙafata. Ta karɓi rediyon ta shafa shi, ba ta kunna ba. Ta ce, "Haruna, wanga an rubuta na wane ne?" Na ce an rubuta, shi da bakinsa ya faɗa wa Malam Isa abin da za a sa. Ta ce in karanta mata. Na karanta: "Ga Inna, daga ɗanta Adamu."

Matar da tun da ta haife shi ba ta yarda sunan ya fito daga bakinta ba, ta juyo da kunnenta wajena ta ce, "Sake karantawa."

To, tashi mini daga benci, kai mai jar riga. Ga baiwar Allah nan tsaye da zakira a hannu tun ɗazu, kuma ɗaya bayan ɗaya zan sauke mata.